Filibus Mai Fayil da Ɗan Farin Yakaka

A ƙarshen barandar wani ofishin gwamnati mai kula da noman rani a Haɗeja akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Duk wanda neman fayil ya taɓa kai shi can a shekarun baya, ya san mutumin da ke zaune a ciki: dogo, siriri, mai ɗan ranƙwafawa, biro a bayan kunne, tari a maƙogwaro. Filibus Ayuba ke nan. Yau ba ya duniya. Allah sarki Filibus.

Mutumin kudancin Kaduna ne, daga wani ƙauye a gindin duwatsu. A 1981 aka turo shi Haɗeja, da akwatin ƙarfe ɗaya da amaryarsa Jumai. Ya sauka a tasha ya duba gabas ya duba yamma, bai ga ko tudun da ido zai huta a kai ba, sai fili da ruwa da shinkafa. Ya ce wa Jumai kada ta kwance kaya duka, ba za su daɗe ba. A garin suka haifi 'ya'yansu kaf, a garin ya yi furfura.

Ranar da aka buɗe masa ɗakin, fayil ya tarar a zube a ƙasa, tsibi-tsibi har gindin taga, an ɗaure wasu da igiyar rama, gara ta ci gefen wasu. Yawancinsu na leburori ne, waɗanda ake ɗauka da rani su haƙa hanyoyin ruwa ko su sare kachala, ciyawar nan mai toshe kogi. Kowane fayil takarda ɗaya ce ko biyu, da ɗan ƙaramin hoton mai shi a maƙale. In aka aiko neman fayil ɗin wani, masinja kan wuni yana tono kamar kaza a juji.

Filibus bai yi wa kowa ƙorafi ba. Ya riƙa bin masu kanti yana roƙon kwalayen sukari da na sabulu, yana yanka su daidai tafin hannu. Kowane kati ya rubuta suna, a ƙasa ya rubuta kantar da fayil ɗin yake da layinsa. Ya sa kafinta ya yi masa dogayen aljihunan katako, ya jera katunan daga A har ƙarshe. Daga nan, in ka faɗi suna, kafin ka gama gyara hularka fayil na hannunka.

Sai dai mutanen fadama ba sa tafiya da suna ɗaya. Mutum zai zo ranar ɗaukar aiki ya ba da sunan yankansa, a tambaye shi na biyu ya faɗi sunan garinsu. Bayan shekara ya dawo ya rantse shi Ɗanlami ne, ko Tanko, ko Na-Gambo, bai ma tuna abin da ya faɗa wa akawu ba. Filibus kan zauna da shi yana tambaya a hankali, me kakarka ke kiranka, me abokan kamun kifi ke kiranka, har a gano. Sannan ya yanka sabon kati ya rubuta laƙabin, ya sa a ƙasa: duba wane. Akwai wanda ya ci kati huɗu shi kaɗai.

Abokinsa na kusa shi ne Gana mai gyaran agogo, wanda teburinsa ke gindin bishiyar maina a ƙofar ofishin. Tare suke cin abincin rana, wannan ya kawo burabusko daga gida, wancan ya kawo fate. Gana kan ce masa, "Kai da ni aikinmu ɗaya, Filibus. Mu gyara, ya lalace, a dawo mana da shi."

Gaskiya ya faɗa. Duk lokacin da Filibus ya ce ya gama shirya ɗakin nan, sai wani abu ya zo ya rushe. Wata shekara gara ce. Wata shekara rufin kwano ne ya yi yoyo daidai kan harafin B. Wata shekara sabon shugaba ne ya zo ya ce a jera da lamba, wanda ya gaje shi ya ce a mayar da suna. Filibus ya ce to, ya sauke, ya sake ɗorawa. Ba mai yawan magana ba ne. In abin ya ishe shi sai ya cire biron daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar.

A daminar 1986 wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta sauke kwandon banda daga kanta, ta tuɓe takalmi.

"Sannu da aiki, Malam Akawu."

"Yauwa Iya, sannu da zuwa. Wa ake nema?"

"An ce nan ake ajiye hotunan waɗanda suka yi aikin haƙan hanyar ruwa."

"Fayil ɗinsu dai, da hoto a jiki. Faɗi sunan."

Ta sunkuyar da kai tana kallon siminti.

"Iya, ɗakin nan ba ya jin komai sai suna."

"Wani yaro ne na gidanmu."

"Yaron ba a raɗa masa suna ba?"

"An raɗa." Ta gyara mayafi. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Sunan Ma'aiki gare shi."

Filibus ya zauna da mutanen nan har ya san abin da ke hana mace faɗin suna. Ya ce, "Ɗan fari ne?" Ta kawar da kai gefe. Amsar ke nan.

Sunanta Yakaka, daga wani ƙauyen masunta a bayan Auyo. A guntu-guntu ta ba shi labarin, tana faɗa kamar na ɗan maƙwabta. Ana yaye yaron aka kai shi ɗakin kakarsa, can ya tashi, kowa na kiransa Kawu. Ya yi rani ɗaya yana aikin haƙa. Da shekarar fari ta zo kogi ya janye, ya bi masunta zuwa Tafkin Chadi. Iska ta kife jirginsu, a can aka binne shi, labari kawai ya dawo gida. Ranar da labarin ya zo ita ce ke ba mutane haƙuri, don ba a ganin hawayen uwa a kan ɗan fari. Daga baya, a wani gidan suna, ta tsinci magana a bakin wasu mata cewa duk wanda ya yi aikin nan sai da aka ɗauke shi hoto. Ta haɗiye maganar, ta yi ta juya ta a ciki, har ranar da ƙafarta ta kawo ta.

"Ba ɗauka zan yi ba," in ji ta. "In gani kawai."

"To ki zo da wanda ya san shi mana, ko abokinsa, ko ƙaninsa. Aikin zai yi sauƙi."

"In zo da wa? A ji a gari cewa Yakaka na yawon neman hoton ɗan fari, da furfurata? Kafin in kai gida an sa ni a waƙar daka." Ta ɗago ta dube shi. "Kai baƙo ne, shi ya sa na zo wurinka. Ba ka da wanda za ka gaya wa."

Filibus ya yi 'yar dariya, don a lokacin har Hausarsa ta fara komawa ta Haɗejawa. Ya ce ya ji, kuma ya yi alkawari.

Ya jawo aljihun harafin M. Shi ne mafi tsawo a ɗakin, kuma fiye da rabinsa Muhammadu ne: Muhammadu Auyo, Muhammadu Auyo, Muhammadu Auyo, sannan na Haɗeja, na Birniwa, da su Mamman da Muhamman waɗanda akawun ɗaukar aiki ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Ya duba ko akwai katin Kawu. Akwai, amma duk na dattawa ne. Ba wata hanya sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ba ta da lokaci sai ɗan abin da ke tsakanin sayar da bandarta a kasuwar kifi da tashin motar Auyo.

Haka suka fara. Ya sauko da fayil kaɗan, ya buɗe mata a kan benci. Takan riƙe fayil ɗin can gefe guda, ta saci kallon hoton da wutsiyar ido, ta ce, "Ba shi ba ne." Filibus ya ɗauka yanayin ganinta ne haka. Duk wanda ta ce ba shi ba ne, sai ya ɗiga wa katinsa ɗigon fensir a kusurwa, don kada a maimaita. Da za ta tafi ta ajiye masa tarwaɗa guda a kan tebur. Ya ce ba ya karɓa. Ta ce, "Wa ya ce naka ne? Na jikokina ne da ke gidanka."

Ba kullum take zuwa ba. Wani lokaci sati biyu a jere, wani lokaci ruwa ya datse hanya a yi wata da watanni ba a gan ta ba. Amma duk ranar da Filibus ya koma gida da banda a naɗe cikin tsohuwar jarida, Jumai kan ce, "Yau budurwar taka ta zo ke nan. Ka gaya mata na gode, kuma in tana son ka duka ta ɗauka, da tarin da komai." Ita ma Jumai ba ta san me ke kawo tsohuwar ba. Gana ya tambaya sau ɗaya, Filibus ya ce, "Maganar fayil ce," Gana bai ƙara ba.

Abin da ya ɗaure Filibus ga wannan nema, tasa uwar ce. Shi ma ɗan fari ne, amma a garinsu ba a wannan kunyar. Uwarsa kan hau kan dutse ta ƙwala kiran sunansa har ƙauyen gaba su ji, ta kama fuskarsa da hannu biyu a tsakiyar kasuwa ta ce ya rame. Ta rasu yana Haɗeja, saƙo bai iso da wuri ba, ya tarar an riga an rufe ta. Hotonta na cikin Littafi Mai Tsarki da yake zuwa coci da shi, yakan buɗe ya gani duk sanda ya so. Sai ya tuna akwai wata a bayan Auyo da ba ta da abin buɗewa.

Suna tsakiyar Muhammadun Haɗeja aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Gari ya yi murna, Filibus ma ya taya. Bayan murna sai takarda ta zo cewa a tattara fayil a kai tantancewa, a raba na tsohuwar jiha da na sabuwa. Aka zo da babbar mota aka loda su kamar buhunan gero. Da suka dawo, a buhunan ma suka dawo, a cakuɗe, an yi musu ruwan sama a hanya. Filibus ya tsaya a tsakiyar ɗakin, daidai inda ya tsaya ranar farko, tsibin ma kusan iri ɗaya, sai dai yanzu bayansa na ciwo. Ya shanya takardu a baranda yana danne su da duwatsu. Da Yakaka ta zo ta gan shi a tsugune cikin takardu, ta ce, "Malam Akawu, ko in haƙura?" Ya ce, "Katunan suna nan, Iya. Na san waɗanda muka wuce. Ki ba ni lokaci in gano sauran."

Bai gama murmurewa ba aka ƙara yanka ƙananan hukumomi, aka sake cewa a ware na nan da na can. Ya sake saukewa, ya sake ɗorawa. A cikin wannan jeka-ka-dawo yanar ido ta fara rufe wa Yakaka gani. Da farko takan ce ɗakin ne ya yi duhu, sai su fito baranda. Daga baya ko a baranda sai ta kawo fayil ɗin dab da kumatunta. Filibus ya ga abin da ke tafe. Ya riƙa tara mata fayil da yawa a zuwa ɗaya, yana roƙon direban motar Auyo ya ɗan jinkirta.

Wata rana ya jawo aljihun M, ya bi katunan da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Babu Muhammadun da ba shi da ɗigo.

"Iya, sun ƙare."

"Duka?"

"Duk wanda ke ɗakin nan."

"To. Allah bai nufa ba."

Ba ta tashi ba. Ta zauna a kan bencin, hannuwa a cinya, kuma a karon farko ta yi maganar yaron ba kamar ɗan maƙwabta ba.

"Ni fa ƙeyarsa na sani. In ya shigo gida gaisuwa sai in sunkuya in kama wani aiki. In ya juya zai fita, sannan in ɗaga kai. Na san tafiyarsa, yana ɗan jefa ƙafar dama. Na san kunnensa na hagu, ƙugiya ta tsaga shi yana ƙarami, kamar an yi wa akuya shaida. Ko cikin mutum dubu ya ba ni baya zan nuna shi."

Filibus ya ce, "To fuskar fa, Iya?"

"Tun da aka yaye shi ban cika idona da ita ba."

"To da yaya za ki gane shi a hoto?"

"Na ɗauka in na gani, jikina zai gaya min."

Ya cire biron daga bayan kunne, ya dube shi, ya daɗe bai mayar ba. Duk shekarun nan yana nuna mata fuska, ita kuwa fuska ce kaɗai abin da ba ta sani ba. Ko hoton ma ba ta taɓa yi masa kallon gaba da gaba ba, don kowanne ta ɗauka tana jin watakila shi ne, sai kunya ta karkatar da wuyanta. Ɗigon da ya yi ta ɗigawa ba shaidar komai ba ne.

Ya ari gilashin da Gana ke maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya koma kan Muhammadu na farko, yana neman kunne. Aikin ya ci shi wata da watanni. Wasu sun ja hula har ta rufe kunnuwa. Wasu ruwa ya wanke su sun zama kamar hayaƙi. Wasu kuma, waɗanda aka ɗauka a wani rani guda, an manna musu 'yar takardar lamba a gefen hoton, ruwa da tsatsar fil sun haɗe ta da shi, in ka ja sai fuskar ta biyo. Waɗannan bai taɓa su ba, don tsoron ɓata abin da ba shi da madadi. Bai ga tsagaggen kunne ba. Yakaka kuma ta daina zuwa. Ya tambayi direba, direba ya ce tsohuwar ba ta iya fita kasuwa yanzu, jikarta ke kawo bandar.

A 1998 aka kawo kwamfuta, aka ajiye ta a ɗaki mai labule, aka ɗauko wata 'yar Jos mai suna Hannatu ta riƙa shigar da sunaye. Mutane sun zaci Filibus zai yi kishi da na'urar. Bai yi ba. Da kansa ya riƙa ɗauko aljihunan katinsa yana karanta mata tana bugawa, in akwai wuta. Ranar da suka gama harafin M ta ce, "Baba Filibus, faɗi kowane suna ka ga aiki."

Ya ce, "Muhammadu."

Ta buga. Kafin ya ƙifta ido sunaye sun cika gilashin, suna gangarawa ƙasa ba iyaka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ita ma ta gano suna da yawa," in ji shi. Ya shafa bayansa. "Da ta zo tun da wuri, 'yata, da ban ranƙwafa haka ba."

Tare da na'urar aka zo da umarni cewa kowane fayil a sauya masa bango, a ba shi sabuwar lamba, a cire tsofaffin fil masu tsatsa a manna hoto da gam. Wato a sake sauke ɗakin gaba ɗaya. Filibus ya ce to. Da ya iso kan masu 'yar takardar lamba, tunda yanzu dole ne a cire, sai ya aro buta da risho wurin mai shayi, yana kara hoton a tururi har takardar ta saki da kanta.

A cikinsu ne, wata safiya, takarda ta ɗago, kunne ya bayyana. Ya sa gilashin Gana. Saman kunnen hagu a tsage yake, tsaga mai baki biyu. Muhammadu Auyo. Ya nemo katinsa, kwalin sukari ne da ya yi ja don tsufa, ɗigon fensir ɗin har ya kusa gogewa. Yana cikin waɗanda ya buɗe mata a ranar farko.

Bai yi murna ba tukuna, don bai san abin da ya rage a idonta ba. Ya kai hoton wurin mai hoto na bakin kasuwa, aka sake ɗaukarsa, aka wanke shi babba, kusan faɗin faifai. Ya fito da ɗan dishi-dishi, amma fuska ce sosai. Ranar Asabar ya sa shi cikin riga a ƙirjinsa, ya hau babur zuwa Auyo. Lokacin cikar ruwa ne, daga nan sai kwalekwale, mai tuƙi na ratsa kachala da gora, sauro na bin su. Filibus bai iya ruwa ba. Ya riƙe gefen jirgin da hannu ɗaya, ɗayan na dafe da ƙirji.

A ƙauyen ya ce shi tsohon mai sayen bandar Iya Yakaka ne, ya ji ba ta da lafiya ya zo dubiya. Aka kai shi bayan gida, inda take zaune a tabarma kusa da murhun banda. Ta ji muryarsa ta ce, "Malam Akawu? Kai da ruwa?" Ta juya ga matan gidan. "Ku tsaya kuna kallon baƙo? A dama masa fura, kuma a dama da kyau, ba irin ta jiya ba." Suka watse.

"Yaya idon, Iya?"

"Na dama ya tafi. Na hagu yana gani kamar ta cikin ruwan koko. In rana ta yi ƙarfi nakan ga abu in yana kusa."

Rana kuwa na tsaka. Ya zaro hoton ya sa mata a hannu. "Kunnen hagu," in ji shi. "Na gani da idona."

Ta kai hoton gefe, wuyanta ya fara karkata yadda ya saba. Filibus ya miƙe.

"Bari in ga shinkafar nan taku, an ce bana ta yi kyau."

Ya juya mata baya, ya tsaya daidai bakin hanyar da ke shigowa daga cikin gida, ya tare ta da tsawonsa. Gabansa ba komai sai zana da ruwa da wasu balbelu. Ya tsaya. Bai ji motsi ba, bai ji kuka ba. Ƙafarsa ta fara sanyi, tari ya taso ya danne shi.

"Malam Akawu."

"Na'am, Iya."

"Kada ka juyo. Wannan baƙin na sama, gira ce ko inuwa?"

"Gira ce. Mai kauri, ta kusa haɗewa a tsakiya."

"Ta babana ce. Hancin kuwa na gan shi. Mutane sun sha cewa da ni yake kama, na ɗauka tsokana ce. Bakin nan kamar a buɗe. Dariya yake?"

"Kaɗan. Masu hoto kan hana, shi bai ji ba."

"Haka yake. Ba ya ji."

Sai da aka jiyo ƙarar ludayi a ƙwarya daga cikin gida ta ce ya juyo. Fuskarta a bushe take, ta kife hoton a cinya.

"Ungo."

"Naki ne, Iya. Don ke aka wanke shi."

"In na mutu matan nan ne za su kwance kayana. Na ce maka gani zan yi, kuma na gani. Mayar da shi cikin 'yan'uwansa."

Ya mayar cikin riga. Ya sha furar, ya yaba, ya sayi banda don kada zuwan nasa ya zama abin tambaya. Ranar Litinin ya sa babban hoton a bayan ƙaramin cikin sabon bango, ya ɗauki katin ya goge ɗigon.

Yakaka ta rasu kafin a gama girbin shinkafar shekarar. Sai bayan nan Filibus ya ba Gana labarin, a gindin maina, ranar da ya tuna bai mayar masa da gilashinsa ba. Shi kansa bai daɗe ba. Ya ajiye aiki a 1999, suna ɗaure kayan komawa gida, har da waɗanda Jumai ba ta taɓa kwancewa ba, tarin nan ya kwantar da shi. A mota aka kai gawarsa gindin duwatsun, kusa da uwarsa. Allah ya ba Jumai da yara haƙuri, ya ba wanda ya rage a gindin maina, mai ɗaga kai har yau in lokacin abincin rana ya yi.

Ranar da ya ba da labarin, Gana ya ajiye agogon da ke hannunsa ya ce, "Yanzu Filibus, duk wahalar shekarun nan, saboda kallo ɗaya?"

Filibus ya gyara biron bayan kunnensa. "Ai ta daɗe tana kallo, Gana," in ji shi. "Sai da ƙafata ta yi sanyi."